Akwatin bit ɗin rauta mai araha: a saya ko a haƙura?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni kafinta ne, ban daɗe da samun 'yanci daga hannun maigidana ba. Na sayi ƙaramar rauta, kuma a kasuwa na ga akwatin bit mai guda 12 da wani mai guda 35, kuɗin kowannensu bai kai na bit biyu masu suna ba. Yawancin aikina kabad ɗin kicin ne da wadirop na MDF, sai ƙofar madaci jefi-jefi. In sayi akwatin ne, ko in daure in riƙa sayen masu tsada ɗaya-ɗaya?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a sana'a. Abin da kake son sani shi ne ko bit mai araha, wato bakin yankan da ake ɗaura wa rauta (injin hannu mai sassaƙa gefen katako da haƙa kwarmi), zai yi maka aikin da ka lissafa ba tare da ya ɓata maka katako ko ya ji maka ciwo ba. Amsata a taƙaice: sayi ƙaramin akwatin, mai guda 12, ka bar mai guda 35. Sannan ka ware kuɗi ka sayi bit biyu ko uku masu kyau, waɗanda su ne za su ɗauki nauyin aikin kullum na MDF, wato allon garin katako da aka matse. Akwatin zai yi maka ado da ƙananan ayyuka, kuma zai nuna maka wane bit hannunka ya fi kai wa. Amma in ka ɗora masa yankan MDF daga safe zuwa yamma, sati kaɗan za ka ga gefen aikinka ya fara ƙonewa. Bari in bi maka dalilan.

Inda ake rage kuɗin

Bit ɗin da ke kasuwa yanzu kusan duka iri ɗaya ne a tsari: jiki na ƙarfe, da ƙafar da ke shiga inji, sai ƙananan haƙora biyu na tungsten kabayid da aka liƙa a jikin da zafi. Wasu suna da boris a sama ko a ƙasa, wanda ke bin gefen katako. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan sassa akwai inda masana'anta za ta iya tsimi.

Na farko shi ne kabayid ɗin kansa. Garin tungsten kabayid ne da ake haɗawa da ƙarfen kobal a gasa. In ƙwayoyin garin ƙanana ne ƙwarai, bakin yana ɗaukar kaifi sosai kuma yana daɗewa. In manya ne, bakin yana ɓarɓashewa kaɗan-kaɗan, abin da ido ba ya gani sai dai a gani a jikin katako. Masu araha kuma sukan sa haƙori siriri, wanda in an wasa shi sau ɗaya ko biyu ya ƙare.

Na biyu, wanda a wurina ya fi na farko muhimmanci, shi ne daidaiton niƙa. Rauta mai juyi 24,000 a minti ɗaya tana juyawa sau 400 a daƙiƙa, haƙora biyu kuma suna sara sau 800. In ɗaya ya fi ɗan'uwansa fitowa ko da kaurin takarda ne, shi kaɗai yake aikin, ɗayan yana bin iska. Sakamakon shi ne inji yana kakkarwa a hannu, gefen katako yana fita da ƙananan tudu-tudu, haƙorin da ke aikin yana dakushewa da wuri, boris ɗin injin ma yana shan wahala. Kamfanonin da aka sani da inganci, irin su Freud da CMT na Italiya, da Whiteside na Amurka, da Trend na Ingila, babban abin da kake biya a wurinsu ke nan: in ka sayi bit goma, goman za su fito daidai. A akwatin araha kuwa sa'a ce. Cikin guda 12 za ka iya samun da yawa masu kyau, ka samu biyu ko uku da ba su da amfani, kuma ba za ka sani ba sai ka gwada.

Na uku shi ne boris da ɗan sukurun da ke riƙe shi. Boris mai araha yakan cika da ƙura ya ƙame. In ya ƙame yana ci gaba da juyawa tare da bit, sai ya zana baƙin layi a gefen aikinka, a kan fomika ko melamin kuwa, wato fuskar roba mai tauri da ake liƙa wa allo, ya narkar da fuskar. In sukurun ya kwance boris ya fita, bit ya nutse cikin katako ya cinye gefen. Wannan matsala tana da magani mai sauƙi, domin ana sayar da boris daban a canza.

Ƙafa da kwalet: fara duba wannan

Kafin maganar inganci, akwai abin da ke jawo haɗari fiye da arahar bit, kuma a kasuwanninmu ya yi yawa saboda kaya suna shigowa daga ko'ina. Ƙafar bit tana zuwa da awo biyar da aka saba: milimita 6, da kwata na inci wanda shi ne milimita 6.35, da milimita 8, da milimita 12, da rabin inci wanda shi ne milimita 12.7. Kayan Amurka da Ingila galibi kwata da rabin inci ne, na sauran Turai sun fi yawa a 8, na Chaina kuma kowanne ana samu. Da ido ba ka bambance 6 da 6.35. In ka sa bit mai ƙafa 6 a kwalet na 6.35, wato ɗan zoben da ke matse ƙafar bit a bakin inji, zai shiga cikin sauƙi, ka ɗaure da sifana kana ganin ya kama, amma riƙon bai cika ba. Cikin aiki sai bit ya fara zamewa, ramin da kake haƙa ya riƙa ƙara zurfi shi kaɗai, wani lokacin ya fice gaba ɗaya. In kuma ka tura 6.35 da ƙarfi cikin kwalet na 6, ka buɗa shi ya lalace. Haka abin yake tsakanin 12 da 12.7.

Don haka karanta awon da ke jikin kwalet ɗinka ko takardar injin, ka tafi kasuwa da kwalet ɗin a aljihu, in da hali da ma'aunin baniya, wanda ake auna kaurin ƙarfe da shi. Kada ka dogara da abin da aka rubuta a kwalin kaɗai.

Ka ce injinka ƙarami ne, to kusan tabbas ƙafa siririya yake ɗauka. Ka sani ƙafar rabin inci ta ninka ta kwata sau huɗu a yawan ƙarfe, shi ya sa ba ta lanƙwasa kuma ba ta kakkarwa kamar siririyar. Bit mai araha mai ƙafa 12 ko 12.7 yana yafe kurakurai da yawa. Mai araha mai ƙafa 6 ba ya yafewa, musamman in kansa babba ne.

MDF da madaci ba abu ɗaya suke nema ba

Mutane da yawa suna ɗaukar MDF abu mai laushi wanda kowane bit zai ci. Yankansa da sauƙi, gaskiya ne, amma garin katako ne da aka cuɗa da gam aka matse, kuma wannan gam ɗin yana cin kaifin kabayid fiye da yawancin katakon daji. In an liƙa masa melamin ko fomika abin ya ƙaru, domin fuskar tana da tauri, kuma koyaushe wuri ɗaya take gogar haƙorin. Za ka ga ɗan tsagi ya fito a bakin bit daidai inda fuskar ke taɓawa, daga nan kuma kowane gefe da ka yanka zai fita da siririn layi. Filawud ma haka, saboda layukan gam da ke tsakaninsa. A irin wannan aiki bambancin bit mai kyau da mai araha yana fitowa da wuri.

Madaci matsalarsa daban. Jijiyarsa a harɗe take, wani sashe ya kwanta nan wani ya kwanta can, don haka bit marar kaifi yana fizge ɓaɓɓaki maimakon ya yanka, musamman a kan katako inda jijiya ta ƙare. Iroko kuma yakan ɓoye wasu dunƙulen farin dutse a cikinsa, wanda in haƙori ya ci karo da shi yakan ɓalle, mai tsada ne ko mai araha. Katakon melina da na obeche su ne suka fi sauƙi, bit na akwati yana daɗewa a kansu, ko da yake obeche yana yin gashi-gashi in kaifi ya ragu.

Akwai wurin da mai araha ya fi dacewa ma: tsohon katako da aka ciro daga gini ko falet, wanda ƙusa za ta iya ɓuya a ciki, da katakon da ya kwana a ƙasa ya sha yashi da ƙurar hunturu. A nan ba na sa bit mai tsada sam. Ƙusa ɗaya ta isa ta kashe kowane kabayid.

Waɗanda za ka saya daban

In ka buɗe akwatin mai guda 35 ka duba da kyau, yawancinsu maimaici ne: masu zagaye gefe kala biyar, masu ado kala shida, miƙaƙƙu masu awon da ba za ka taɓa nema ba. Mai aikin kabad da wadirop bit huɗu ko biyar yake juyawa a kai.

Na farko da za ka kashe wa kuɗi shi ne mai daidaita gefe, wato miƙaƙƙe mai boris, wanda kake share fomika da shi ko kake bin samfur. Dole faɗin haƙoransa ya yi daidai da faɗin boris. A masu araha sau da yawa haƙori yana ɗan fin boris, sai ya ci fuskar da ke ƙasa, ko ya gaza shi, sai ya bar tudu da za ka bi da sanfefa. Kuskure ɗaya a ƙofar kabad mai sheƙi ya isa ya sa ka sake yanka sabon allo, kuma ka fi ni sanin kuɗin allo mai ƙafa 4 da 8 a yau.

Na biyu miƙaƙƙe na milimita 6, na haƙa kwarmin da bayan kabad ke shiga. Siriri ne, yana aiki a binne cikin katako inda zafi ba ya samun mafita, shi ne ya fi saurin karyewa. In ka samu wanda aka yi shi gaba ɗaya da kabayid mai murɗaɗɗen baki, ya fi. Mai jan gari sama yana share rami da kyau, mai tura shi ƙasa kuma yana barin fuskar melamin ba ɓarɓashi, sai dai yana son a bi shi a hankali don garin yana taruwa a ramin.

Na uku miƙaƙƙe na milimita 12. Kada ka ce sai na 18 don allonka 18 ne. Kaurin allo ba ya cika zama daidai da sunansa, filawud musamman, kuma bit 18 a kan ƙaramar rauta nauyi ne. Da na 12 sai ka bi sau biyu ka fitar da kwarmi daidai kaurin allon da ke hannunka.

Sauran, wato mai zagaye gefe, da mai sassabe kusurwa digiri 45, da na ribet mai yanke mataki a gefen allo, da mai ado kamar harafin S, na akwati sun isa a farko. Ɗan abu kaɗan suke cirewa a gefe, a fili, iska tana sanyaya su. In ka ga ɗaya cikinsu ya dakushe kafin sauran, to shi ne wanda aikinka yake so, sai ka maye gurbinsa da mai kyau.

Abin da nake hana ka shi ne manyan bit masu araha, irin na fitar da allon tsakiyar ƙofa, masu faɗin milimita 50 zuwa sama. Bit mai faɗin 50 a juyi 24,000, bakinsa yana tafiyar da ta wuce kilomita 220 a awa. In liƙin haƙori ya saki a wannan gudu, gutsuren yana fita kamar harsashi. Ƙa'idar da aka saba ita ce faɗin da bai wuce 25 ba ya yi 24,000, daga nan zuwa 50 a sauko wajen 18,000, sama da 65 kuwa a nemi 12,000 ko ƙasa. Ƙananan rauta da yawa juyi 30,000 suke yi kuma ba su da abin rage gudu, irin su Makita 3709 da masu kama da ita. Irin wannan inji ba a sa masa babban bit ko na wane kamfani ne. Ƙofar madaci mai moldin babba aikin babbar rauta ce da aka kafa a tebur, ko ka kai wa masu injin moldin su fitar maka.

Yadda za ka duba akwatin kafin ka biya

Ko a Ƙofar Ruwa kake saye a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko kasuwar Katako a Yamai, ka sa a buɗe maka akwatin a gabanka. Goge kakin da ke bakin bit ɗaya ko biyu ka ɗaga su ga haske. Baki mai kaifi ba ya mayar da haske. In ka ga siririn layi yana ƙyalli a kan kaifin, ba a gama niƙa shi ba. Duba fuskar haƙorin: in sumul take kamar madubi an yi aiki, in tana da zane-zanen dutsen niƙa masu zurfi, kaifin ma haka zai zama. Sai layin liƙi tsakanin haƙori da jiki, mai ruwan tagulla. Ya kasance a cike daga farko zuwa ƙarshe, babu rami, babu giɓi. Fenti mai kauri yakan rufe wannan wuri, don haka ka sa ido. Juya boris da yatsa, ya tafi shiru ba tare da ƙaiƙayi ko girgiza ba. Ƙafa ta zama sumul, ba tsatsa ba ƙuraje. Bit ɗin da aka yi da kulawa yakan zo da awonsa da iyakar gudunsa a rubuce a ƙafa, wasu har da alamar inda ya kamata kwalet ya tsaya.

Suna a kwali kuwa ba hujja ba ce, jabu ya yi yawa. In an ce maka bit na babban kamfani ne amma kuɗinsa daidai da na akwati, ka ɗauke shi a matsayin na akwati. A wajen 'yan gwanjo akan dace da bit masu kyau da aka yi amfani da su, sai dai yawancinsu ƙafa 8 ne ko rabin inci, ka tabbata injinka zai ɗauka.

Aiki da shi a shago

Cire wuta kafin ka canza bit. Share kwalet da ƙafa, domin ƙurar MDF kaɗan a ciki ta isa ta karkatar da bit. Tura ƙafar har ƙasa, ka ja ta baya milimita 2 ko 3, sannan ka ɗaure. In ta zauna a ƙasa kwalet ba ya matsewa da kyau. Aƙalla kashi uku cikin huɗu na ƙafar ya kasance a ciki. Janyo bit waje don ya kai zurfin da bai kai ba shi ne hanya mafi sauri ta lanƙwasa ƙafa 6. Matse sukurun boris kafin amfanin farko, don wasu a sake suke zuwa.

Kowane sabon bit daga akwatin, kunna shi a fili tukuna, fuskarka ba a layinsa ba, da gilashin kare ido. In injin yana da abin rage gudu fara daga ƙasa. Saurari ƙarar, ka ji hannunka. In ƙarar ta canza ko kakkarwa ta fi ta kullum, cire shi ka jefar, kada ka ajiye don wata rana. Wanda ya wuce wannan gwaji, gwada shi a guntun katako irin wanda za ka yi aikin da shi.

Zurfi shi ne sirrin daɗewar bit mai araha. Da miƙaƙƙe na 6, kada ka wuce milimita 3 a bi ɗaya a madaci ko MDF. Kwarmi mai zurfin 9 bi uku ke nan. A ado ma haka, ka cire yawancin naman a bi ɗaya ko biyu, ka bar kamar rabin milimita na bin ƙarshe, wanda za ka yi da ɗan sauri. Shi ke share ƙuna ya bar fuska sumul. Bit na haɗin durowa, mai faɗin baki da siririn wuya, ba ya yiwuwa a bi da shi mataki-mataki, don haka fara buɗe hanya da miƙaƙƙe sannan ka bi da shi, in ba haka ba a wuya yake karyewa.

Da rauta a hannu, gefen waje na allo ana zagaya shi saɓanin tafiyar agogo, cikin rami kuma bisa tafiyar agogo, yadda bit zai riƙa tura inji zuwa jikin katako. A katakon daji fara da kawunan biyu kafin dogayen gefuna, don ɓallin da zai fita a kusurwa bin dogon gefe ya share shi. Ɗaure aikin da kilam. In ka ji warin ƙuna, ko tafiyarka ta yi jinkiri, ko bit ya yi datti, ko ya dakushe. In kana kan ƙaramin janareto kuma ka ji muryar injin tana faɗuwa da zarar ya shiga katako, rage zurfi. Gudun da ya faɗi yana sa bit mai kyau ma ya yi fizga, sai a ɗora wa bit laifin da ba nasa ba. Ƙurar MDF kuma tana da illa ga huhu, sa takunkumi.

Wankewa da wasawa

Bit da yawa da ake jefarwa datti ne kawai ya rufe musu baki. Gam da ƙaron katako suna ƙamewa a bayan haƙori, su hana shi sanyi, su jawo ƙuna. Cire boris, jiƙa bit a kananzir na ɗan lokaci, goge da tsohon buroshin haƙori ko buroshin tagulla, ka busar. Kada ka kankare da wuƙa, kuma kada ka jiƙa boris don man cikinsa zai wanke. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ya ishe shi.

In bayan wanki bai dawo ba, ana wasa shi da ɗan faifan dayamon mai lamba 600, a ɗiga ruwa. Fuskar haƙori mai faɗi kaɗai ake gogawa, ba a taɓa gefen da ke da siffar adon. Ƙirga shafar, kamar sau 8 ko 10, ka yi wa ɗayan haƙorin daidai wannan adadi don kada daidaito ya ɓaci. Dutsen wasa wuƙa na gida ba ya cin kabayid, kuma kai shi wajen mai garanda lalata shi ne. Ka tuna kowace wasawa tana ɗan rage faɗin bit, don haka mai daidaita gefe da aka wasa sau da yawa zai fara barin tudu. Wanda haƙorinsa ya tsage ko ya ɓalle ba a gyara shi. Ajiye su a tsaye a ramukan akwatin ko a guntun katako da ka huda, domin in suka haɗu a gwangwani ɗaya suna karo, kabayid yana fasa ɗan'uwansa.

Wannan shawara ta tsaya ne ga rautar hannu da shago irin naka. In aiki ya buɗe har kana yanka allo da yawa kowace rana, ko ka koma injin CNC, wanda kwamfuta ke sarrafawa, lissafin ya canza: a can lokacin da ake ɓatawa wajen canza bit da allon da ya lalace sun fi kuɗin bit nesa ba kusa ba, sai a koma masu kyau gaba ɗaya, ko irin waɗanda ake kwance haƙoransu da sukuru a juya sabon baki. Akwatunan araha kuma ba a kan inganci ɗaya suke ba, ko da kwalinsu da fentinsu iri ɗaya ne, don haka wanda abokin aikinka ya ji daɗinsa bara ba lalle ne na bana ya zama irinsa ba. Yi wa naka gwajin da na faɗa, bit bayan bit, ranar da ka kawo shi shago.